Taku Bakwai Bayan Labule

Shekara arba'in da ɗaya Mai Allura ta yi a babban birnin nan, amma da za ka tsare ta ka ce ta faɗa maka abin da ta sani a cikinsa, abu uku za ta lissafa ta yi shiru: ɗakinta na haya a hawa na uku, bas mai lamba goma sha biyu, sai ramin da ke ƙarƙashin dandamalin gidan wasan kwaikwayo, inda take ɗinki. Mutane na sayar da kadara su zo kallon birnin. Ita tana ciki tsundum, ko kogin da ya ratsa shi ba ta taɓa tsayawa ta duba ba.

Ramin nan ba shi da taga. Kwan lantarki biyu, keken ɗinki mai ƙafa, dutsen guga, da riguna rataye jere kamar mutanen da aka cire wa kawuna. Rufin ɗakin shi ne katakon dandamali, don haka duk sarkin da ya mutu a wasa, a saman kanta yake faɗuwa, ƙura ta zubo mata cikin shayi. Ba ta taɓa ganin wasa ko ɗaya da idonta ba, amma kunne ya rama mata. Ta san takun kowa. Ta san wanda ya manta maganarsa, don sai ya hau zagaye kamar kaza mai neman wurin ƙwai. Ta san wadda takalmi ya matse.

Idonta a sama shi ne mijinta, Mai Labule. Gajeren mutum ne mara yawan magana, igiyar labule ta mai da tafin hannunsa kamar ƙasan takalmi. Yana tsaye a gefen dandamali yana ganin komai ta kaikaice, in sun tashi aiki sai ya ba ta labari a bas, ita kuma ta gyara masa inda ya yi kure. Haka suka tsufa, shi da rabin wasa, ita da rabi.

'Ya'ya biyu Allah ya ba su. Na fari namiji, yana shekara goma sha tara ya ce zai bi jirgin ruwa neman aiki. Wasiƙa ɗaya ya aiko, da hotonsa yana dariya a jikin wani ƙarfe. Daga nan shiru, yau shekara ashirin da huɗu. Tun lokacin Mai Allura ta kafe a ɗakin nan na hawa na uku. Famfo ya yi ɗigo, bango ya tsage, gidan ya canza masu shi har sau uku, ita ko gezau. Makulli ɗaya kullum yana saman ƙofa, inda yaron ya san ana ajiyewa.

Shekara guda da tafiyarsa aka fara wani wasa da ma'aikata ke kira wasan benci. Wata tsohuwa ce take zuwa tashar mota kullum, ta zauna a benci tana jiran ɗanta. Mutanen birni, da yake suna son su saya wa kansu kuka, suka riƙe wasan da hannu biyu, har ya zama duk shekara sai an yi wata guda ana nuna shi.

Ranar farko Mai Allura tana ƙasa, allura a baki, tana saurare. Ƙarshen wasa ya zo, komai ya yi tsit. Sai ta ji takun namiji daga hagu, a hankali, mai nauyi. Ta ƙirga, taku bakwai, ya tsaya daidai bencin. Can sai takun mutum biyu suka juya tare. Sannan tafi ya ɓarke.

A bas ta kasa haƙuri.

“Malam, ya dawo ko?”

Mai Labule ya daɗe yana kallon titi ta gilashi. Ya ce, “Ya dawo.”

Ta share ido da gefen gyale, sannan sana'a ta motsa. “To me ya saka? Ni dai ban ɗinka wa wani ɗa komai ba.”

“Kwat ce tasa. Daga waje yake zuwa, ya yi minti ɗayansa ya wuce. Ya ce bai yarda da allurar kowa ba.”

“Bai yarda da me ba?”

Ranar har direba sai da ya waiwayo. Daga nan ta ƙulla gaba da mutumin da ba ta taɓa gani ba, ta laƙa masa suna Mai Kwat. Duk shekara sai ta tambayi lafiyarsa da lafiyar girman kansa, Mai Labule kuma ya ƙara mata bayani kaɗan-kaɗan. Kwat ɗin ruwan ƙasa ce. Maɓalli uku gare ta. A shekarun baya-bayan nan ma na tsakiya yana lilo, saura ƙiris ya faɗi.

“Ce masa ya aiko da ita ƙasa in ɗaure masa, kada ya kunyata gidan nan.”

Washegari ya ce, “Ya ce a gode miki.”

“Ya riƙe godiyarsa, ya ɗaure maɓalli da ita.”

Sau da yawa ta yi niyyar hawa ta leƙa, amma daidai lokacin ne 'yan wasa ke gangarowa suna jefo mata riguna jiƙe da gumi, dutsen guga na jira. In ta hau, wa zai karɓa? Haka take cewa. Shi kuwa Mai Labule, a sauran watanni in mura ta kama shi yakan kwanta kamar kowa, amma a watan wasan benci bai taɓa fashi ba. Akwai shekarar da zazzaɓi ke kaɗa shi har haƙoransa na haɗuwa, ta tare ƙofa, ya ɗauke hannunta a hankali ya wuce.

Wata huɗu da suka wuce ya kwanta kwana biyar, ya rasu. Idonta dama ya daɗe yana cinyewa daga gefe, har ya zama duniya duka ta kafar allura take hango ta, likita kuma ya ce abin da ya rage ma ba zama zai yi ba. Ta ajiye aiki. Autarta, ma'aikaciyar jinya a wani ƙaramin gari mai nisan yini guda a jirgin ƙasa, ta zo don ta tafi da ita. Sati biyu suna fafatawa. Daga ƙarshe tsohuwar ta ce ta yarda, amma da sharaɗi: ga watan wasan benci ya kama, ba za ta taka jirgi ba sai ta ga yaron nan ya dawo wa uwarsa da idonta. In ta gani, to ta san komai daɗewa ana dawowa, kuma wanda ya dawo zai tambayi inda ta koma. Makullin ma a saman ƙofa za ta bar shi, mai gida ya yi ta kansa.

Ranarta ta ƙarshe a birnin suka tashi kaya duk a ɗaure. Ɗakin ya yi fayau, sai tsohuwar kwat ɗin marigayi a ƙusa bayan ƙofa.

“Inna, wannan fa?”

“Bar wa mai gadi, tsayinsu ɗaya.”

Wasa sai ƙarfe uku, don haka Auta ta ce yau sai an ga gari. Ta ɗora ta a bas ɗin 'yan yawon buɗe ido, mai hawa biyu mara rufi. Wata budurwa na ta bayani a lasifika, dubi dama, dubi hagu, kafin Mai Allura ta juya ɗan idonta an wuce abin. Ta gaji ta koma kallon wuyan rigar baƙon da ke gabanta.

“Auta, wanda ya ɗinka wannan da ƙafa ya riƙe almakashi.”

“Inna, yana jin ki fa.”

“Ya ji mana, taimakonsa nake yi.”

Suka hau dogon benen nan da ake bugawa a jikin katin gaisuwa. Lif ya fizge su sama, hanjinta ya rage a ƙasa. Can ƙoli Auta ta kai ta bakin gilashi tana nuna mata kogi, da gada, da jiragen ruwa ƙanana kamar takalman yara a kwata. Tsohuwar ta daɗe tana kallon jiragen. Sannan ta ce a nemo mata rufin gidansu.

“Ba zai ganu daga nan ba, Inna. Gidaje sun fi dubu.”

“To in mutum ya sauka a jirgi bayan shekaru, yaya zai yi ya gane?”

Auta ta ce iska ta yi yawa, su sauka.

A gidan tarihi ne kawai ta wartsake. Ta wuce takubba da tukwane ko kallo, ta manne hancinta a gilashin wata riga ta shekara ɗari uku, har mai tsaro ya yi gyaran murya. Ta ce wa Auta wadda ta yi wannan kalmasa bahaguwa ce, kuma wajen ƙarshe ta gaji, ga ɗinkin ya fara faɗi.

“An rubuta sunanta?”

Auta ta duba allo. “Sunan wadda ta saka rigar aka rubuta.”

“Dama.”

Suka zauna a bakin gada suka ci burodi, tantabaru na yi musu bara. Ƙarfe biyu da rabi suka isa gidan wasa, ƙafar Mai Allura ta karkata da kanta zuwa lungun baya, wajen kwandunan shara, inda ƙofar ma'aikata take. Auta ta janyo ta.

“Yau ta gaba za ki shiga. Ga tikitinki.”

Matakalar farin dutse, madubai, jan kafet mai haɗiye ƙafa. Shekara arba'in da ɗaya tana ƙarƙashin wannan daula ba ta sani ba. Aka zaunar da su a layi na huɗu saboda idonta. Ta ɗaga kai ta ga labulen ta fuska. Ita bayansa ta sani, mai faci goma sha ɗaya, duk da hannunta ta yi su. Ta gaba kuwa ko ɗaya bai nuna ba. Ta so ta ce wa wani ya gani, sai ta tuna wanda za ta faɗa wa.

Labule ya buɗe da wani gurnani na inji. Tun bayan rasuwar mijinta aka sa injin, ana danna maɓalli kawai.

“Ji yadda yake fizgarsa kamar ya kama ɓarawo,” ta ce.

Wani mai ɗaurin wuya a gefenta ya ce, “Iya, don Allah.”

Mai fitowa a uwa ita ce dai wadda ta fara tun farko, wadda duk gidan ke kira Tauraruwa. Da can sai an yi awa ana zana mata tamoji a fuska, yanzu Allah ya hutar da mai kwalliya. Mai Allura ta san kowace kalma. In idonta ya gaji sai ta rufe, ta bi wasan da kunne, sai dai daga nan takun ba ya fitowa, kafet da kujeru sun shanye shi. Ta ji kamar an kai ta gidan da ta sani an canza wa ɗakunan wuri.

Ƙarshe ya zo. Motar ƙarshe ta tashi, tsohuwar ta koma benci, ta ɗora jaka a cinya. Hasken da ke kanta ya dinga tsukewa, ya bar fuskarta kaɗai, ya mutu. Labule ya rufe. Mai Allura ta damƙe hannun Auta, ta tattara ɗan ganin da ya rage mata wajen hagu, tana jira a sake buɗewa. Bakinta na motsi, ɗaya, biyu, uku.

Tafi ya ɓarke. Fitilu suka kama, mutane suka miƙe suna fyace hanci.

“Ku dakata mana!” ta ce da ƙarfi. “Ai bai shigo ba tukuna.”

Mai ɗaurin wuya ya ce, “Wa?”

“Ɗan. Mai Kwat.”

“Iya, ai ba ya dawowa. Sau shida ina kallon wasan nan. Haka yake ƙarewa.”

“Sau shida! Ni sau ɗari nawa na ji shi, kana tsumman goyo. Sun kore shi ne, yadda suka kori igiya suka sa inji.”

Auta na cewa Inna mu tafi, Inna ana kallonmu, amma tsohuwar ta riga ta kama hanya. Nan ba ta bukatar ido. Ta bi ta ƙaramar ƙofar gefe, ta sauka mataki uku, ta kauce wa bututun da ke buge baƙi a goshi, ta tura ɗakin Tauraruwa ba sallama.

Tauraruwa na gaban madubi tana goge fuska da auduga. “Kai! Wa nake gani? Tsohuwar ɓeran ƙasa ta fito rana?”

“Rufe min baki. Ina kuka kai Mai Kwat?”

Hannun Tauraruwa ya tsaya da audugar. Ta dubi Auta ta cikin madubi, sannan ta juyo. “Kin kalla daga gaba?”

“Layi na huɗu. Kalmasar siket ɗinki ma ta saki ta baya. Ina yake?”

“Zauna, Yaya.”

“Ba zama na zo yi ba. Shekara ashirin da uku ina jin mutum yana shigowa, taku bakwai, ya tsaya a benci, ku fita tare. Ko kunnen nawa ma za ku ce ya lalace?”

“Kunnenki lafiya lau.” Tauraruwa ta ajiye audugar. “Fitilar nan awa biyu take gasa min ido. In aka kashe, ko tafin hannuna ba na gani. Ranar farko na miƙe zan fita, saura kaɗan in faɗa ramin makaɗa. Sai mijinki ya ɗaure igiyarsa, ya tako ya kama hannuna ya fitar da ni. Shi ke nan ya zama aikinsa. Labule na rufewa zai zo, kafin a fara tafi.”

Mai Allura ta zauna ba tare da ta san ta zauna ba. Matar da ke gane mai ciwon yatsa ta cikin katako, ga shi takun da ta fi shekara arba'in tana kwana kusa da shi ya wuce ta saman kanta sau ɗaruruwa, tana aika masa da baƙar magana. A gida silifa yake ja a siminti. Ba ta taɓa jin sa daga ƙasa ba, ko kuwa ta ji ta ƙi ganewa, wannan sai ita da Mahaliccinta.

“Wa da wa suka sani?”

“Har mai shara. Duk wanda aka ɗauka aiki, mijinki zai ja shi gefe ya gaya masa abu biyu: kada ka taɓa igiyata, in kuma Mai Allura ta tambaye ka, ya dawo.”

“Munafukai,” ta ce. “Gida guda na munafukai.”

“Sana'armu ce, Yaya. Amma duk cikinmu ba wanda ya kai shi. Shi ko tafi ba a taɓa yi masa ba.”

A wajen ƙofa ake ta kai da kawo da riguna, wata sabuwar mai ɗinki na faɗa da wani a kan hula.

“Yanzu wa ke fitar da ke?”

“Sun manna min farin tef a ƙasa. Ni kaɗai nake lalube.”

Mai Allura ta miƙe, ta ce a bi da ita ta dandamali. Ƙugiyar da yake ɗaure igiya tana nan a bango, ta yi santsi. Daga nan ta taka zuwa bencin. Nata takun ya kai tara, ƙafafunta sun fi nasa gajarta. Ta taɓa bencin, ba ta zauna ba.

Bas mai lamba goma sha biyu suka hau zuwa gida, rana ta yi sanyi. Auta ta ba ta wajen taga. Bayan tasha uku tsohuwar ta juyo ta dube ta.

“Ke ma kin sani?”

“Ina aji uku makaranta ta kawo mu kallo. Da muka dawo Baba ya saya min askirim, ya ce in riƙe bakina.”

“Da askirim ɗaya aka saye ki.”

“Biyu ne, Inna.”

Ta yi wata 'yar dariya da ta juye ta zama wani abu dabam, ta juya fuska ga gilashi, yadda wani ya taɓa yi a kujera irin wannan.

Da suka hau hawa na uku ta tsaya a bakin ƙofa, ta yi ɗage, ta shafa saman katako. Makullin ya yi tsatsa, ya bar zanensa a cikin ƙura. Ta juya shi a hannu sau biyu, ta miƙa wa Auta.

“Haɗa da naki ki kai wa mai gida.”

“Inna, in kina so a bar shi...”

“Kai masa.”

Ta shiga ta rufe ƙofa, kwat ɗin ta yi lilo a ƙusa. Ta sauke ta, ta kai bakin taga inda sauran haske yake, ta bi ta da ɗan idon nan kaɗan-kaɗan. Ruwan ƙasa. Ta shafa gaban da yatsa, na sama, na ƙasa, na tsakiya yana rataye da zare ɗaya. Ta ɗinka wa sarakunan ƙarya alkyabba ta fi ɗari, wannan kuwa kullum sai ta ce gobe.

Ta kwance ƙullin akwatin da aka riga aka ɗaure, ta ciro gwangwanin allurai. Ta lashi bakin zare, ta nufi kafar, ta kuskure. Ta sake, ta kuskure. Tana cikin na biyar Auta ta dawo, ta tsaya a ƙofa.

“Zo ki zura min,” ta ce, ba ta ɗago ba. “Ruwan ƙasa. Ki ninka biyu.”

Auta ta zura ta miƙa mata. Mai Allura ta ɗora kwat ɗin a cinya, ta rufe ido tunda ba amfanin da yake mata, ta soka allura.

“Inna, in gaya wa mai gadi ya zo ya karɓa?”

“Ce masa ta yi masa kaɗan.”